An rufe makaranta ba shiri, ta yaya za mu riƙa sanar da iyaye da ɗalibai halin da ake ciki?

Malamin_Lissafi (Bauchi):

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen duk wanda ya san harkar makaranta, malami ne ko uba ko uwa ko ma ɗalibi. Ni malami ne a wata sakandare a nan cikin garin Bauchi, muna da 'yan kwana muna da 'yan jeka-ka-dawo, kuma ni ne sakataren PTA ɗinmu, shi ne firinsifal ya ɗora min aikin in rubuto tsarin da za mu riƙa bi wajen sanar da iyaye duk ranar da aka ce a rufe makaranta babu shiri. Kafin taron PTA mai zuwa yake son ganin abin a rubuce.

Kowa dai ya tuna watan Nuwamban 2025, da aka ɗebe 'yan mata a makarantar Maga ta jihar Kebbi, satin bai ƙare ba aka sake kwashe ɗaruruwan yara a Papiri ta jihar Neja. Gwamnatin tarayya ta rufe makarantunta sama da 40, mu ma nan Bauchi aka ce a rufe duka, daga firamare har manyan makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu. Ni kam ban ga laifin matakin ba wlh, sai da rai ake karatu. Abin da har yau yake cina shi ne yadda labarin ya isa kunnen iyayen yaranmu. Wasu a Facebook suka gani tun kafin mu malamai a tara mu a faɗa mana, wasu a majalisa suka ji, wasu ko ba su ji komai ba sai ganin yaro suka yi da akwati a ƙofar gida. Muka ɗauko rajistar lambobin waya da aka cike tun yaran suna JS1 muka yi ta kira, wannan a kashe, wannan ba ta tafiya, wata ma da aka ɗauka wani bawan Allah ne ya ce shi a Fatakwal yake bai da ɗa a Bauchi.

Guruf ɗin WhatsApp muna da shi amma ya riga ya zama kasuwa, tallan atamfa ne, barka da Juma'a ne, faɗan siyasa ne, sanarwar makaranta in ta shiga ciki minti kaɗan ta nutse.

Kuma gsky ranar rufewar ma da sauƙi. Makonnin da suka biyo baya su ne matsalar. Makaranta ta yi gum saboda mu ma ba mu da labari, iyaye kuma kowa ya kama malamin da ya sani yana kira, wannan ya ce Litinin za a dawo, wancan ya ce sai sabuwar shekara. Har wani hoton takarda ya yi ta yawo mai tambari da sa hannu wai an buɗe, akwai yaran da suka taso daga wajen Ningi da buhun garin kwaki da katifa suka tarar da get a kulle, maigadi ne ya ba su haƙuri suka juya.

To tambayata, me ya kamata in rubuta? Wace hanya ce take isa ga kowa har wanda bai da babbar waya? Wa ya kamata ya yi magana da sunan makaranta? Sannan 'yan SS3 da WAEC da NECO da JAMB ke gabansu ya za a yi da su? Wanda ya ga tsarin da ya yi aiki a wani wuri ya taimaka.

Maman_Husna (Darazo):

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da ka tado maganar nan. Ni uwa ce, 'yata tana makarantar kwana, bari in faɗa maka yadda abin yake ta wajenmu.

Lambar wa kuke rubutawa a rajistar taku? Ta uba. Kullum ta uba. To maigidana direban babbar mota ne, ranar da aka rufe makarantu yana kan hanyar kudu, ko wayar ta shiga ba ya ɗauka in yana tuƙi. Ni da nake zaune a gida waya a hannu ba wanda ya neme ni, don ba a taɓa tambayar lambata ba. Maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga ta ce Maman Husna kin ji wai a je a kwaso yara? Wlh ina tsaye da tsintsiya sai da na zauna a bakin rijiya, don ita kanta ba ta san ko rufewa kawai aka yi ko wani abu ne ya faru a makarantar ba. Dan Allah ku riƙa karɓar lamba uku, ta uba, ta uwa, da ta wani ɗan'uwa da yake zaune kusa da makarantar wanda zai iya zuwa da ƙafa ko a acaba. In maigida ba ya son lambar matarsa ta shiga hannun maza (akwai su, mun san da su) sai a ba wata malama ta riƙe, ita ta riƙa kiran iyaye mata.

Sai kuma abin da kuke faɗa a saƙon. Malam kalmar farko da uwa take son ji ita ce yaranku lafiya lau. Ku fara da ita kafin komai, kafin ma bisa umarnin wane da wane. Bayan nan ku ce yaushe za a zo, wa aka yarda ya ɗauki yaro, kuma wanda iyayensa ba su samu zuwa ba ina zai kwana, wa yake tare da shi. Wannan na ƙarshen ba a faɗa, kuma shi ne yake hana mu barci. Ku tuna lokacin nan wata ya yi nisa, ashirin da wani abu, mai albashi ma aljihu ya bushe balle mai jiran ranar kasuwa, yara da yawa ko kuɗin mota ba su da shi a akwati. In uba ya san 'yarsa za ta iya kwana ɗaya tare da matiron har ya nemo rance ba zai ce mata ta hau duk motar da ta samu ba.

Kuma ku yi mana da Hausa, da murya. Sakula da Turanci an ɗauke ta hoto a karkace rabi duhu, ni da na yi sakandare ma sai na buɗa ta da yatsu ina ƙanƙance ido, to ina ga matan layinmu. Firinsifal ya yi saƙon murya na minti ɗaya da bakinsa, mun san muryarsa ai, ba mai iya kwaikwaya cikin sauƙi. Bidiyo kam kar ku soma, data ba ta kai nan ba.

Ɗan_Wunti:

Malam sannu da ƙoƙari. Ni shagon kwamfuta nake da shi wajen Wunti, buga takardu da tura tes na biki da taro, to ɓangaren waya kawai zan taɓa.

Lambobin da kuka tarar sun mutu ba abin mamaki ba ne. Ka tuna a 2024 an toshe layuka da yawan gaske saboda ba a haɗa su da NIN ba, mutane da dama ba su tsaya bin layi a ofishin kamfani ba sabon sim kawai suka yanka. Layin da aka daɗe ba a taɓa ba kuma kamfani yana sake sayar wa wani, nan ka samo mutumin Fatakwal ɗinka. Daga JS1 zuwa SS3 shekara 5 ce fa, waya nawa aka sace a tsakani. Duk farkon zango fom masta ya zauna da ajinsa, ya karanto lamba yaro ya ce eh ita ce ko an canza, ya ɗan yi filashin ya ji ta shiga. Darasi ɗaya zai ci ba zai kai biyu ba.

WhatsApp kuma. Guruf yana ɗaukar mutum 1,024, ya ishi yawancin makarantu, amma ku shiga saitin ku mayar da shi admin kaɗai ke tura saƙo, admin ɗin ma kar su wuce uku. Masu son barka da Juma'a a bar musu tsohon. Abin da Hajiya Maman Husna ta faɗa na mazan da ba sa son a ga lambar matansu, a guruf na yau da kullum kowa yana ganin lambar kowa, amma in kuka buɗe Channel masu bi ba sa ganin lambar juna, kai mai shi ma ba ka gani sai ta wanda ka riga ka ajiye lambarsa. Sai dai shi Channel duk wanda ya samu link zai iya bi, don haka abin sirri ba ya shiga can. Broadcast kuwa kar ku dogara da shi, mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba saƙon ba zai je masa ba sam, kana nan kana cewa ai na tura.

Amma ni da za a bi tawa tes ne kan gaba, WhatsApp ya biyo baya. Tes yana shiga ƙaramar waya mai tocila, ba ya son data, sabis ɗin sanda ɗaya ya ishe shi, in wayar tana wajen mai caji a kashe yakan jira a kunna. Abu biyu dai ku kula da su. Shafi ɗaya haruffa 160 ne har da tazara, amma da zarar ka saka ƙ ko ɗ ko ɓ ko ɗan hoton nan na fuska, sai ya koma 70, saƙon shafi ɗaya ya zama uku a caje ka uku. Don haka a tes ku rubuta ba lanƙwasa. Ga misali:

Yaranku lafiya lau. An rufe makaranta bisa umarnin gwamnati. A zo daukar yan kwana gobe daga 8 na safe. Za mu sake turo bayani ranar Alhamis. Firinsifal

Wannan bai kai 160 ba, ku rubuta irinsa tun yanzu ku ajiye, ranar da abu ya faru ba lokacin tsara magana ba ne hannu na rawa. Na biyu shi ne DND, wato tsarin toshe tes ɗin talla. Mutane da yawa sun tura STOP zuwa 2442 don gudun tes ɗin talla, to in kuka sayi tes na sari ta intanet mai arha, irin waɗannan layukan ba ya shiga. Ku tambayi mai sayarwa ƙarara ko hanyarsa tana ratsa DND, ku gwada da wayoyin malamai kafin ku biya da yawa.

Tsohon_Firinsifal (Azare):

Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna min wannan tattaunawa, shi yake buga min ina faɗa. Malam na yi irin aikinka na kuma riƙe makaranta har na yi ritaya, to ka ji ta tsoho.

Yaron nan na Wunti ya yi bayani mai kyau, Allah ya yi albarka. Amma kada ku ɗora komai a kan waya. A watan Satumban 2021 an kashe sabis ɗin waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda tsaro, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wato dalilin da zai sa a rufe makaranta shi ne dai dalilin da zai iya sa a kashe wayar. Allah ya kiyaye mu, amma mai rubuta tsari sai ya rubuta har da wannan ranar. Mu da muka fara aiki ba waya yaya muke yi? Rediyo, da masu unguwa, da limamai, da tasha. Har gobe suna nan. Ka kai sanarwa BRC ko Globe FM ko Albarka a karanta da Hausa bayan labarai, mutumin ƙauye da rediyonsa a rataye a gona zai ji. Ka raba ɗalibanka bisa garuruwansu, 'yan Misau, 'yan Darazo, 'yan Dass, 'yan Alkaleri, kowane gari ka sami uba ɗaya mai mutunci ya zama wakili, in ka sanar da shi ya sanar da mai unguwa da liman a faɗa bayan salla. Shugaban tasha ma ku san shi ya san ku tun kafin rana ta ɓaci, direbobi su ne suke kai takarda inda sabis ba ya zuwa. 'Yan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wannan ai aikinsu ne, ba zaman cin shinkafa ranar rabon kyaututtuka ba.

Amma abin da ya fi duk wannan, kuma shi nake so ka ja masa layi a takardarka, baki ɗaya ne yake magana da sunan makaranta. Firinsifal ko mataimakinsa, shi ke nan. Kowane malami a gaya masa in uba ya kira shi amsarsa ɗaya ce, Alhaji ka jira saƙon makaranta ranar kaza. Malamanmu suna da kunya, ba sa son ce wa babba ban sani ba, sai su ce ina jin dai Litinin, shi kuma Alhaji ya shiga majalisa ya ce Malam wane ya ce Litinin, kafin magariba ta zama sanarwa.

Sannan ku tsayar da rana. A ce duk Alhamis bayan la'asar makaranta za ta yi magana, ko da labari ko babu. In babu ku ce har yanzu ma'aikatar ilimi ba ta sa ranar komawa ba, duk takardar da kuka gani ba daga gare mu ba ce, sai Alhamis mai zuwa. Mutum yana iya haƙuri da jira in ya san ranar da zai ji magana. Yaran nan na Ningi da ka ce sun zo da katifa, ba takardar bogi ce ta kawo su ba, shirun da kuka yi ne ya sa takardar ta sami masu saye.

Kuma kada firinsifal ya kuskura ya yi hasashen ranar buɗewa, ba hurumin sa ba ne. Lokacin korona aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, mutane da yawa suna ganin abin 'yan makonni ne. 'Yan ajin ƙarshe sai 4 ga Agusta suka koma, aka fara WAEC 17 ga watan, sati biyu kacal na shiri, makarantun gwamnatin tarayya kuwa sai 12 ga Oktoba aka buɗe wa sauran. Duk shugaban da ya yi wa iyaye alkawarin rana a wancan lokacin ya sha kunya.

Abu na ƙarshe, in rufewar ta tsaro ce, ba komai ake kaiwa rediyo ba. A rediyo ka ce an rufe, yara lafiya, iyaye su tuntuɓi makaranta. Ƙarfe nawa za a kwashe 'yan kwana, yara nawa suka rage a hostal, wace hanya motar za ta bi, wannan tsakaninka da uba ne da DPO, ba duk mai sauraro ne masoyi ba. A get kuma a ajiye littafi, wanda ya zo ɗaukar yaro ya rubuta suna da lamba ya sa hannu, in sunansa ba ya cikin ukun da Hajiya ta ambata a kira gida tukuna, musamman 'ya mace. Za a yi layi, za a zage ka, ka daure.

Abba_SS3:

Salam. Malam ku yi haƙuri na shigo maganar manya amma tunda an ce har ɗalibai. Mu matsalarmu daban ce, duk saƙon da ake turawa na iyaye ne, an rufe, za a buɗe, a biya kaza. Mu ba wanda yake ce mana ga abin da za ku karanta. Sai ka zauna a gida kana ta tunanin wai za a ɗaga WAEC ne ko ba za a ɗaga ba, alhali WAEC ba ta jihar Bauchi kaɗai ba ce, 'yan Legas da Inugu suna aji suna karatu, rana ɗaya za mu zauna da su takarda ɗaya. Wannan kawai da wani malami ya fito ya faɗa mana tun satin farko da wasu abokaina ba su saki littafi ba.

Sannan yawancinmu ba mu da waya, a makarantar kwana ma kamawa ake yi in an gan ka da ita. Ni wayar Mamana nake karɓa bayan isha'i in ta gama da ita, shi ma sai in da caji. To in malami ya ce darasi kai tsaye ƙarfe goma na safe a guruf, wa zai halarta, 'ya'yan masu hali biyar. Gara ya turo abin da za a iya saukewa a karanta ko yaushe. Abin da na ga ya yi amfani, wani malaminmu na kemistiri ya rubuta tambayoyin shekarun baya da topik ɗin da ya rage ya kai shagon fotokwafi kusa da kasuwar Muda Lawal, ya ce duk mai so ya je ya biya kuɗin takarda kawai ya karɓa, 'yan nesa kuma ɗaya ya karɓa ya ba direba ya kai musu su buga a can. Duk Asabar yana turo amsoshin da murya. Ba wani abin a zo a gani ba ne amma wlh shi kaɗai ne darasin da ban manta ba da muka koma.

Akwai Nigeria Learning Passport ɗin nan da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, kyauta ne kuma akwai darussa har da Hausa, amma sai da babbar waya da data, don haka a faɗa wa masu iyawa kada dai a ce shi ne tsarin.

Dan Allah kuma ku sa maganar JAMB a ciki. Rajistarta ba ta jiran a buɗe makaranta, sai kana da NIN, ka tura ta tes zuwa 55019 ko 66019 a ba ka lambar furofayil, kuma layin da ka tura da shi ya zama naka ke nan har ka samu admishon, bai kamata ya zama na mai shago ko na aboki ba. A makaranta ake tuna mana irin wannan a asambuli, in muna gida ba mai tunawa, Babana bai san ma ana yi ba.

Malama_Rifkatu (Tafawa Balewa):

Sannunku da aiki. Baba na Azare ya ambaci limamai, ina ƙarawa da coci, a wajenmu nan da Bogoro lokacin sanarwa ranar Lahadi ya fi kowace waya saurin kai labari, sai kuma zumuntar mata, in ka ba shugabarsu saƙo ka gama.

Ni abin da nake so Malam ya saka a takardar shi ne kiran da ba na sanarwa ba. Duk rufewar da ta wuce wata ɗaya, ranar komawa sai ka ga kujeru babu kowa, kuma in ka duba yawanci ba yaran da suka ƙi karatu ba ne. Ta Nuwamba ta faɗo lokacin kaka, samari suka shiga gona daga nan wasu suka wuce ci-rani ko wajen haƙar ma'adinai suka ɗanɗana kuɗi. 'Yan mata kuma in an ga yarinya zaune a gida ba ranar komawa, sai a fara kawo maganar aure ko a ɗora mata talla, uban ba mugu ba ne, gani yake makarantar ta watse. Tes na kowa da kowa ba ya taɓa irin wannan gidan. Mu abin da muka yi, kowace fom mistires ta ware yaran da ta san suna kan gaɓa, ai kowa ya san nasa, ta riƙa kiran uwar ko ta leƙa gidan in kusa ne, ta gaisa, ta ce ina wance, ga aikin da aka ba su, a ce mata ina jiranta. Minti uku ne a waya. Ba duka muka samu suka dawo ba, amma akwai uwar da ta ce min tunda Malama kina nemanta bari in sake yi wa babanta magana.

Sai dai a faɗi gaskiya, katin nan daga aljihunmu ya fita.

Malamin_Lissafi (Bauchi):

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba ranka ya daɗe, maganar Alhamis ɗin nan ita zan sa a sahun farko. Hajiya lamba uku ta shiga. Abba Allah ya ba da sa'a, zan ware wa 'yan SS3 da JS3 shafinsu daban.

Malama ta taɓo inda nake tsoro, kuɗi. Na san da na karanta takardar a taro wani zai miƙe ya ce wa zai biya, kuma in aka ce a ƙara ko naira ɗari a kuɗin PTA sai an yi hayaniya. Ɗan Wunti kamar nawa abin zai ci? Sannan Baba, firinsifal ɗinmu mutum ne mai taka-tsantsan, zai iya cewa ba zai fitar da ko kalma ɗaya ba sai da izini daga sama, ya zan shawo kansa?

Ɗan_Wunti:

Malam lissafin ai naka ne lol. Tun ƙarin kuɗin kira na 2025 tes ɗin waya naira 6 ne shafi ɗaya. A ce gida 600 kuke da su, sau ɗaya 3,600 ke nan, in sati shida aka yi a rufe kuna turawa duk Alhamis 21,600. Bai kai kuɗin lemo da ruwan taron PTA ɗaya ba. Kuma ba sai kowa ya samu tes ba, wanda ya ce WhatsApp ya ishe shi a cire shi. Shawara ɗaya, ku sayi waya da layi na makaranta, kar a yi da layin firinsifal, gobe aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da lambobin iyaye duka a aljihu.

Tsohon_Firinsifal (Azare):

Ka ce masa ba a nemi ya faɗi abin da ma'aikata ba ta faɗa ba. Yaranku lafiya, ba a sa rana ba tukuna, ga aikin gida, wanne ne a ciki yake buƙatar izini? In har yanzu yana ɗari-ɗari, ya kai tsarin ofishin shiyya tun yanzu da ake zaman lafiya su gani su sa hannu, ya ajiye kwafi a fayil. Kuɗin katin fom masta kuma a rubuta shi a kasafin PTA da sunansa, kada a bar shi a cikin sauran abubuwa, nan ne kuɗi yake ɓacewa.

Maman_Husna (Darazo):

Malam in za ku kira taron dan Allah kar ku sa shi ranar aiki da safe kamar yadda aka saba, mu na nesa sai mun sallami yara mun nemi mota, kafin mu iso an yi addu'ar tashi. Ku sa Asabar wajen sha ɗaya, kuma a rubuta a takardar gayyatar cewa har da iyaye mata, in ba a rubuta ba mazan ba za su faɗa mana ba.